Kafin Ki Saya Wa Baba Kwamfutar Gyaran Hoto, Fara Da Idonsa



Da wuya a rasa gidan da babu wata tsohuwar jaka cike da hotuna: na auren iyaye, na suna, na ranar da Kaka ta dawo daga Makka. Wasu sun koɗe, wasu damina ta taɓa su. Yawanci mai damuwa da su shi ne Baba da ya yi ritaya, ko Mama da yara suka watse ta samu sarari. Sun fara gyarawa a waya, wayar ta yi musu ƙanƙanta, sai 'ya'ya su haɗa kuɗi a sayo kwamfuta. Idan ke aka ɗora wa sayayyar, ki fara da idon wanda zai zauna gabanta, sannan allo, injin ya zo daga ƙarshe. Mai shago da ƙarfin inji zai fara miki, don shi ya saba tallatawa.

Daga shekara 40 ganin kusa yake fara ja da baya, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tabarau na karatu an auna shi ne da nisan littafi, kamar santimita 40, allon kwamfuta kuwa yana zama ne tsakanin santimita 50 zuwa 70. Shi ya sa za ki ga dattijo da gilashinsa a ido amma yana tura fuska gaba, yamma ta yi ya ce wuya da kafaɗa sun riƙe. Ba allon ne da laifi ba. Ku je asibitin ido, ku gaya wa mai awo cewa aikin kwamfuta zai yi, a ba shi gilashin da ya dace da wannan nisan.

Sai yanar ido. Tun kafin ta rufe gani, takan sa launuka su disashe, fari ya riƙa komawa ruwan ɗorawa, shuɗi ya yi rauni. Mai ita ba ya ankara, don a hankali abin yake zuwa. Sai ya yi ta ƙara wa hoto launi da haske har fuskar Kaka ta canja, shi kuwa a wurinsa ta yi daidai. Shahararren mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya sha wannan: da yana ta kama shi zane-zanensa suka rinjayi ja da ruwan ƙasa, har aka yi masa aiki a 1923. Babu allon da zai gyara abin da ido ya sauya, komai tsadarsa. Idan kuma Baba ko Mama na da ciwon suga, duba ido sau ɗaya a shekara dole ne, da kwamfuta ko babu. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, kuɗin awon nan shi nake so ki fara warewa.

Yanzu allo. Ki nemi mai inci 24, nau'in da ake kira IPS. Bambancinsa da mai araha nau'in TN a fili yake, kuma za ki iya gwadawa a shago: ki ɗan rusuna ki kalli allon daga ƙasa, ki koma gefe. Idan launi ya juye ko ya yi duhu, ki bar musu kayansu, domin duk lokacin da Baba ya gyara zama hoton zai sauya masa. Ki duba takardarsa ko ta ce yana nuna kusan dukkan launukan sRGB, ma'aunin da waya da intanet suke amfani da shi. Fuskarsa kada ta zama mai sheƙi kamar madubi, ranarmu ta yi yawa.

Kada a ruɗe ki da 4K. A allo mai inci 24, 1920 da 1080 ya wadatar, a inci 27 kuma 2560 da 1440. Da ya wuce haka rubutu yake ƙanƙancewa, sai an shiga saiti an ƙara girmansa, kuma ke za a riƙa kira a waya kina tsakiyar girki. Gara ki sa kuɗin a mai ƙafar da ake ɗagawa a sauke. Saman allon ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, mai gilashi mai hawa biyu kuma a ƙara sauke masa don kada ya riƙa ɗaga haɓa. Taga ta kasance a gefe, ba gaba ko baya ba. Duk minti 20 ya ɗauke ido ya kalli nesa na daƙiƙa 20, ya kuma riƙa ƙiftawa, musamman da hunturu.

Injin ba sai sabo fil ba. Da halin wutarmu, kwamfutar tafi-da-gidanka da aka jona da babban allo ta fi ta tebur, don in an ɗauke wuta batiri zai riƙe aikin. Ta hannu mai kyau ta isa, irin wadda ake samu a Titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja. Ki tsaya a kan RAM 16, in aljihu ya ƙi 8, da ma'ajiya SSD. Abu ɗaya ki kiyaye: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar injin Intel zubi na 8 zuwa sama. Ki duba lambar da ke bayan i5: in ta fara da 8, 9, 10 ko sama, madalla. In 4, 5, 6 ko 7 ce, komai kyan jikinta ki wuce. Ki haɗa da linzamin hannu, domin shafa ɗan dandamalin nan wahala ce ga yatsun da suka fara sanyin ƙashi.

Manhaja ma a yi tunani. Photoshop da Lightroom biya ake yi a kai a kai da kuɗin waje. GIMP kyauta ce, kuma tana share tabo da gyara launi. Wadda mai shago zai "saka miki kyauta" ta sata ce, ta nan ƙwayar cuta ke shiga.

Hotunan kansu su ne abin da kuɗi ba ya mayarwa. A ɗauke su da sikana a ma'aunin 600, a ajiye na asali gefe ba a taɓa shi, a yi gyara a kan kwafi. A zuba su a wuri biyu, faifan waje da kuma intanet. In zai turo miki ta WhatsApp, ya turo a matsayin fayil, don in ya tura a matsayin hoto matse shi ake yi, ingancin ya ragu.

Ranar sayayya ki tafi da shi, da gilashinsa, da hoto ɗaya da ya sani sarai a filashi. A ba shi kujera ya zauna, a buɗe hoton, sannan a buɗe farin shafi ku duba ko akwai ɗigon da ya mutu. A rubuta muku kwanakin garanti a rasit kafin ki tura kuɗi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.