Ɗan ƙudan da ya fi son gudu da ƙafa

Kin taɓa lura da wani ɗan mitsitsin ƙuda a bakin kwata ko gefen kwandon shara, wanda idan kin kai masa hannu sai ya ruga da ƙafa, ya tsaya cak, ya sake rugawa? Yawancinmu muna ɗaukarsa ƙudan nan ne mai bin nunanniyar ayaba. Ba shi ba ne. Na ayaba jajayen idanu gare shi kuma shawagi yake yi. Wannan kuwa idonsa baƙi ne, bayansa a tanƙware kamar mai ƙusumbi, tsawonsa milimita 2 zuwa 3 kacal.

Masana suna kiransa Megaselia scalaris. Wani Bajamushe masanin ƙwari, Hermann Loew, shi ya fara bayyana shi a 1866 da sunan Phora scalaris, daga baya aka mayar da shi rukunin Megaselia. Kalmar scalaris daga Latin take, ma'anarta mai kama da tsani, saboda zanen da ke bayan cikinsa. Danginsa, wato Phoridae, sun kai nau'i 4,000 da aka sani, kuma kusan rabinsu 'yan Megaselia ne.

Ƙasashe masu zafi ne gidansa: Afirka, Asiya, Kudancin Amurka da Ostireliya. Amma jiragen ruwa da kayan fatauci sun kai shi har Turai da Arewacin Amurka, inda yake fakewa cikin gine-gine masu ɗumi. Sirrin yaɗuwarsa shi ne tsutsarsa ba ta zaɓen abinci. Ruɓaɓɓen kayan miya, mushe, kashi, dattin makwarara, duk tana ci.

A nan ne maganar ta shafe mu. Abin da ke jawo shi ga mushe, shi ke jawo shi ga gyambon da aka bari a buɗe. Macen takan saka ƙwai a miki, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki. Likitoci a ƙasashe da dama sun samu tsutsarsa a raunuka, a hanji, har da mafitsara. Saboda ƙanƙantarsa yana bi ta ramin da babban ƙuda ba ya iya shiga, don haka tsumma ko bandejin da ya saki ba ya hana shi. Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne masu ciwon suga da ƙafarsu ta daina jin zafi, da tsofaffin da suka daɗe a kwance, da masu ƙuna.

Idan kina jinyar irinsu a gida, ki duba mikin kullum da hasken rana, ki wanke hannu, ki rufe shi ruf da bandeji mai tsabta. Wanda kika cire ki ƙulle shi a leda, kada ya kwana a ɗaki. Ki goge cikin makwararar kicin da burushi, domin feshin maganin sauro manyan kawai yake kashewa, tsutsar tana can ƙasa. Idan kuma kin ga wani abu yana motsi a rauni, kada ki zuba kalanzir ko fiya-fiya. Ki rufe, ku nufi asibiti a ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in sha Allah.