NAZARI: Ɗaliban SIWES da gidajen baje kolin kimiyya: Damar da Najeriya ke bari tana wucewa

Duk ma'aikacin da ya daɗe a Sakatariyar Tarayya ya san lokacin da ɗaliban horon sanin makamar aiki ke cika ofisoshi. Suna zuwa da wasiƙa daga makarantunsu da littafin rubuta ayyukan kullum, a ba su kujera a kusurwa. Da yawa daga cikinsu, har da masu karatun kimiyyar sinadarai ko injiniyanci, sukan ƙare watanninsu suna kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, daga bisani wani jami'i ya sa hannu a littafin.

Ba haka aka tsara shirin ba. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro SIWES a 1973 domin cike giɓin da ke tsakanin karatun aji da aikin hannu. Ɗalibin jami'a kan yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha wata huɗu. Matsalar ita ce masana'antun da aka yi tsammanin za su karɓe su sun ragu, musamman bayan durƙushewar masaƙu da sauran kamfanoni a Kaduna da Kano, yayin da yawan ɗaliban ke ƙaruwa. A wasu ƙasashe akwai wani wurin horo da Najeriya ba ta ba shi muhimmanci ba, wato gidan baje kolin kimiyya, inda matashi ke tsayawa gaban jama'a yana gwaji suna kallo.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A 1969 masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe gidan Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka. A maimakon masu gadi da ke hana taɓa kaya, sai ya ɗauko 'yan makarantar sakandare ya mai da su masu bayani, ana biyan su. Suna taimaka wa baƙi su sarrafa na'urori, suna kuma gudanar da gwaji kai tsaye. Wanda ya fi shahara shi ne feɗe idon saniya domin nuna yadda haske ke shiga ido. Tsarin yana nan har yau.

Indiya ta bi hanyar gwamnati. A 1978 ta kafa majalisar kula da gidajen kimiyya ta ƙasa mai hedikwata a Kolkata, kuma tun 1965 motocin baje kolin kimiyya ke zagaya ƙauyuka. A Ostireliya, daga 1985 cibiyar Questacon da jami'ar ƙasar da ke Canberra suka riƙa tura ɗaliban da suka kammala digirin farko zuwa garuruwa masu nisa da babbar mota cike da kayan gwaji, zagayen kuma yana cikin karatunsu. A Afirka ta Kudu, cibiyar Sci-Bono da ke Johannesburg ta fara aiki a 2004 cikin tsohon ginin wani wurin aikin lantarki, da tallafin sashen ilimi na lardin Gauteng.

Abin da ɗalibi ke samu

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Ɗalibin da zai tsoma balan-balan cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, dole ya iya bayyana dalilin da ya sa ta motse, da dalilin da ya sa ta sake kumbura bayan an fito da ita. Zai yi wa ɗan shekara takwas wannan bayani, ya yi wa mahaifiyarsa, ya kuma amsa wa malamin makarantar da ya fi shi shekaru. Haddar aji ba ta kai mutum ko'ina a nan, domin yaro na iya jefo tambayar da ba ta cikin littafi.

Yana kuma koyon tanadin kaya, kiyaye lokaci, da abin yi idan gwaji ya ƙi ci a gaban mutane. Waɗannan su ne ƙwarewar da masu ɗaukar aiki ke kukan rashinta a wurin waɗanda suka gama jami'a. Ga ƙasa kuwa ribar biyu ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana neman kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a su tafi ga fannonin kimiyya, alhali makarantun gwamnati da dama ba su da ɗakin gwaji mai aiki. Yaron da bai taɓa ganin gwaji da idonsa ba, da wuya ya zaɓi fannin don sha'awa.

Haɗarin da ke ciki

Wasa da wuta da sinadarai a gaban yara yana buƙatar ƙa'ida. A watan Satumban 2014, a wani gidan kimiyya na yara da ke Reno a jihar Nevada ta Amurka, an zuba sinadarin metanol daga babbar kwalba kan audugar da wuta ba ta gama mutuwa a jikinta ba. Wuta ta tashi, mutum 13 suka jikkata, yawancinsu yara. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan haka: a daina ajiye manyan kwalabe kusa da wurin gwaji, a sa shinge tsakanin gwajin da masu kallo, a horar da mai gabatarwa. Darasin shi ne ɗalibi ba zai maye gurbin ƙwararre ba. Duk tsarin da za a kafa yana buƙatar rubutaccen tsarin kowane gwaji da jami'in da ke sa ido.

Inda gizo ke saƙa

Gidajen tarihin Najeriya, daga na Esie da aka buɗe a 1945 zuwa na Jos a 1952 da na Legas a 1957, an gina su ne domin adana kayan al'ada da na tarihi, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Kimiyya tana ƙarƙashin wata ma'aikatar, makarantu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, ITF kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. Aikin da ya ratsa ma'aikatu huɗu sau da yawa yakan rasa mai shi.

Ga kuma ɗabi'ar kasafin kuɗi. Ana iya samun kuɗin gini da na bikin buɗewa, amma kuɗin yau da kullum na sayen batir, sinadarai, tabaran kariya da gyaran na'ura shi ke fara bushewa. Gidan kimiyyar da na'urorinsa suka lalace ba shi da amfani ga ɗalibi ko baƙo.

Misalan Indiya da Johannesburg sun nuna ba sai an jira katafaren gini ba. Hukumomin bincike na tarayya, irin su NASRDA da ke Abuja, suna da masana da kayan aiki. Zaure ɗaya a kowace, da ranakun da aka ware wa makarantu, da amincewar ITF da NUC da NBTE cewa gabatar da gwaji ga jama'a horo ne karɓaɓɓe, sun isa a fara. Idan aka horar da ɗaliban su yi bayani da Hausa, Yarbanci, Ibo ko Fulfulde, saƙon zai kai ga iyayen da Turanci ke yi wa shamaki.

Ma'aikatar Ilimi ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa ta sa ilimin fasaha da sana'a a gaba tun 2025, tana jaddada aikin hannu. Wannan ya ba daraktocin tsare-tsare da masu taimaka wa ministoci hujjar shigar da batun cikin takardun kasafi na gaba, tare da fayyace ma'aikatar da za ta ɗauki nauyinsa da layin kuɗin da zai riƙe shi bayan an yanke kyalle.