Daga Kuɗin Laraba Zuwa Kuɗin Anko

A da, uba a Yawuri ko Shanga ya san iyakar nauyinsa game da makarantar allo: kuɗin Laraba, sai sadakar sauka gwargwadon hali. Da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, dokar 2004 kuma ta kai shi har ƙaramar sakandare, muka zaci an sauke wa talaka kaya.

To, yau ga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga na motar kai yara kallon madatsar Kainji, ga ankon walimar sauka a Islamiyya. Mu 'yan kasuwa da ma'aikata mukan biya, ko da da gunaguni. Amma masuncin Wara ta ƙasar Ngaski, wanda samunsa ke hawa da sauka tare da ruwa, ina zai samo? Sai a kira sunan ɗansa gaban tsaransa, gobe yaro ya ƙaurace wa aji ya bi kwalekwale.

Haƙƙin malami wajibi ne, ba mu musa ba; anko kuwa ba ya cikin sharuɗɗan sauka. Muna roƙon shugabannin makarantu su bar gudummawa ga mai hali, su kuma karɓe ta a asirce.