Farantin Talla Da Kuɗin Cefanen Da Alhaji Ya Bari

Yau maganar talla za mu taɓa, kuma iyayenmu mata ku kwantar da hankalinku, ba ta kanku zan fara ba. Duk sanda aka ɗauko zancen yara 'yan talla, uwa ake fara ɗora wa laifi, wai ta cika son kuɗi, ta hana yarinya makaranta. Ni a ganina, a gidajenmu na fatake, sau da yawa daga aljihun uba farantin yake tasowa.

Ga yadda abin yake. Alhaji zai tashi daga Kumasi zuwa Lome ko Kwatano ko Kano sarin kaya, ya ce kwana goma zai yi, ya ajiye kuɗin cefanen kwana goma cif, ko sisi bai ɗora ba. Sai mota ta lalace, ko kwastan su riƙe kaya, kwana goma su koma wata guda. Mun ga wanda ya fi haka ma. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023, manyan motoci sun yi ta jibgewa a Malanville sun kasa tsallakawa Gaya. Mai gida yana can yana gadin kayansa, a gida kuwa tukunya ba ta san an rufe boda ba. Me uwar yara za ta yi? Ta ɗora kasko, ta soya ƙosai, ta dama koko. Ita ba ta fita, to wa zai fita? Yarinyar nan 'yar shekara tara. In Alhaji ya dawo ya ga gida bai rasa abinci ba, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, tafiya ta gaba ma ya rage abin da yake bari. Daga nan talla ta zauna daram.

Wani zai ce ai talla gadonmu ce, iyayenmu sun yi kuma ba su lalace ba. Gaskiya ne tsohuwar aba ce. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, wadda ta yi littafi a kan zangon Kumasi a 1978, ta zauna a Kano ta nuna yadda sana'ar matan kulle take tafiya da ƙafafun yara. Amma wace irin talla ce waccan? Ta cikin unguwa ce, gida-gida, kowa ya san 'yar wane ce, in wani ya tsaya da ita fiye da kima dattijon ƙofar gida zai yi gyaran murya. Ta yau a tashar Kejetia ake yin ta, ko a bakin danja a Accra, yarinya tana bin mota a guje da ledar ruwa, a garin da rabin mutanensa ba ta jin yarensu, ba kuma wanda ya san ubanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dokar nan ta "kar ki dawo mini da kwantai". Yarinyar da ta san duka ke jiran ta in kaya suka rage, ko in cinikin ya zube, ba za ta koma gida da magariba ba. Za ta kai isha'i tana yawo. A daidai lokacin ne wani ƙato zai kira ta ya ce ta juye masa duka, amma ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da "juye" ke jawowa, ba sai na buɗe ba. In abin ya faru kuma, gidan da ya tura ta shi zai fara cewa a rufa asiri.

Sai 'ya'yan riƙo. Mutum zai je gida ganin dangi, ya ce wa ɗan'uwansa, "Yaya, ba ni Ladidi in tafi da ita, can makaranta kyauta ce." A ba shi da farin ciki da addu'a. Ana isowa, 'ya'yan cikinsa su sa kayan makaranta, ita a ɗora mata faranti. A Jamhuriyar Benin irin waɗannan yara suna da suna, vidomegon, an sha ganin su da yawa a kasuwar Dantokpa. A Gana ga kayayei, 'yan matan arewacin ƙasar masu dako da kwano a ka, sunan ma daga kalmarmu ta kaya aka samo rabinsa. Mukan gan su mu ce Allah sarki, alhali wata Ladidin tana gidanmu.

Doka fa tana nan, mu da muke zaman baƙunta ya kamata mu fi kowa saninta. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta ce ba a ɗaukar yaro aiki sai ya kai 15, aiki mara nauyi daga 13, shi ma in bai taɓa karatunsa ba. Ta hana sa yaro aiki daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, ta kuma sa dakon kaya masu nauyi cikin ayyukan da sai ɗan 18. Dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta ambaci talla a titi ƙarara ta hana. Sai dai ban yarda kame da ƙwace faranti magani ne ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar a ɗakin haya a Aboabo, in ka zubar da ƙosan 'yarta, abincin daren gidan ka zubar. Wannan aikin sarkin zango ne da limamai da ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa, masu tara kuɗi in an yi biki ko rasuwa. Kuɗin littafi da takalmin marayan nan bai kai abin da ake liƙa wa maroƙi a dare guda ba.

Wanda kuma yake cewa yana tsoron boko ya raba 'yarsa da addini, tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta Gana, makarantunsa suna haɗa Arabiyya da boko, sakandare ma kyauta ce tun 2017.

Yanzu na zo kanku, Hajiya. Na san ba duka ribar ce ke shiga tukunya ba, wata adashi take tafiya don kayan ɗaki. Amma kayan ɗaki a al'adarmu nauyin uba ne, ku daina sauke masa shi ta kan yarinya. Gasar jeren kwanuka da kujeru ce ke sa 'yar shekara goma ta fara biyan kuɗin gadon aurenta da tafin ƙafarta. Sana'arku kuwa ba sai ta mutu ba. Na san mata da ke sa hoton wainarsu da dambunsu a WhatsApp, a biya ta waya, mai babur ya kai. Wasu suna ba mai shayi ko mai shagon bakin layi a kan sari, wasu tebur suke kafawa a ƙofar gida inda ido ke kaiwa, yara su taimaka bayan an tashi makaranta.

Alhaji, kai kuma in za ka yi tafiyar kwana goma, bar cefanen kwana ashirin. In ka maƙale a Aflao ko Seme, wayar da kake kiran dillali da ita tana tura kuɗi gida. Kafin ka kama hanya kuma ka tambaya, wa ke fita da ƙosan nan, ƙarfe nawa take dawowa.