Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Waɗansu malamai matasa na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun zo neman shawararmu, suna nufin kafa mujalla a intanet. Mun yaba musu ƙwarai. Amma da muka tambaye su yadda za a ajiye abin da aka buga, sai suka yi shiru. To, nan ne gizo ke saƙa.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta. Wanda ke biɗar wani labari nata a takarda, sai ya yi ta buɗe shafi bayan shafi. Kada mu bar wa jikokinmu irin wannan wahala.

Akawunan En'e na da sun san dabarar: kowane abu da littafinsa, kowane mutum da lambarsa. Cikin 1970 wani masani na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya shimfiɗa wa kwamfuta ƙa'ida mai kama da wannan, watau a rubuta kowane bayani wuri guda tak, sauran wurare su riƙa nuni gare shi da lamba.

Saboda haka rumbun bayanan mujalla yana bukatar rajista uku. Ta farko ta marubuta, kowa da lambarsa. Ta biyu ta fannoni, kamar ilmi da noma da lafiya. Ta uku ta labarai, inda za a sa kan labari da jikinsa da ranar fitowa da lambar marubuci da ta fanni. In an yi kuskure a sunan marubuci, gyara ɗaya ya wadatar, ko da labaransa sun kai 100.

Sa'an nan a lura da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Lalle rumbun ya zama mai karɓar tsarin Unicode, in ba haka ba baƙi za su koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, a fara bugawa tukuna. Mu dai ba mu yarda ba. Gyaran labari 10 aikin yini ne, na 5,000 kuwa sai wanda ya gani. A ajiye kwafi wuri biyu, a kuma koya wa ɗalibanmu wannan tsari tun suna makarantar horon malamai.

Allah ya sa mu dace, amin.