ƘWAYAR HASKE GUDA DA ASIRIN SAƘONNIN ƘASA

Ranar 7 ga watan Yuni 2024, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsai da shekarar 2025 ta zama shekarar ilmin kwantum, watau ilmin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta cikin halitta. Ƙasar Gana ce ta gabatar da shawarar. Manomin Zabori ko ma'aikacin duwan na Gaya yana iya cewa: ina ruwan biri da gada? Alhali kuwa batun ya shafi asirin saƙonninsa da kuɗinsa.

Tun 1905 masani Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya ne, kamar gero. Ƙwayar ana kiranta foton. Rana da fitila tiya-tiya suke zubo shi. Abu mai wuya shi ne a samu ƙwaya guda tak, a lokacin da ake so.

Dabarar da masana suka samo ita ce tarko. Idan aka cire wa ƙwayar zarra wani ɗan ɓangare nata, sai ta ɗauki cajin lantarki, ta zama abin da ake kira iyon. Bajamushe Wolfgang Paul, wanda ya samu lambar Nobel a 1989, ya ƙera tarko na ƙarfin lantarki mai riƙe iyon a rataye, cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. A 1980, a birnin Heidelberg, aka fara kama iyon guda ɗaya har aka gan shi. In an haska shi da laza, sai ya sha ƙarfi, sannan ya saki ƙwayar haske guda. Ba ya sakin ta biyu sai ya sake sha. A 1987 Diedrich da Walther suka tabbatar da haka a Jamus. A 2019 kuma masanan Innsbruck, a Otiriya, suka aika irin wannan ƙwaya tsawon kilomita 50 cikin zaren gilashi.

A nan maganar ta iso gida. Zaren gilashin da ya taso daga Yamai ya bi ta Doso da Gaya, ya shiga Benin har bakin teku a Kwatano, da walƙiyar haske yake ɗaukar saƙonnin ma'aikatu, da bankuna, da ƴan kasuwa. Kowace walƙiya tana da ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, don haka mai satar ji yana iya ɗibar kaɗan ba a sani ba. Abin da ke tsare saƙon shi ne kwaɗo na lissafi. To, a 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum za ta iya buɗe irin waɗannan kwaɗuna. Ba a kai ga ƙera mai wannan girma ba tukuna, amma manyan ƙasashe suna tsere, kuma tarkon iyon yana cikin hanyoyin da suke bi.

Maganin ma daga nan yake. Ƙwayar haske guda ba ta rabuwa, ba a kwafe ta, kuma wanda ya leƙa ta ya sake mata hali, sai mai aikawa da mai karɓa su gane. Kan wannan ne Bennett da Brassard suka shimfiɗa hanyar musayar mabuɗin asiri a 1984, ƙasar Sin kuma ta harba tauraron gwaji a 2016. Cikas ɗin shi ne ƙwayar tana ɓacewa a doguwar tafiya. Shi ya sa ake son iyon ya zama zango, ya riƙe saƙo ya miƙa gaba.

Ba wanda zai ce Nijar ta sayi waɗannan na'urori gobe, ga ƙauyuka na jiran ruwa da lantarki. Amma ƙasar da ba ta da ƴaƴan da suka san yadda kwaɗo yake, a hannun mai sayar mata da shi asirinta zai zauna. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ya nuna cewa ɗan ƙasar nan yana iya ƙwarewa a ilmin haske. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi tun 1992. Abin da ya kamaci magabata shi ne su wadata kwalejojin karkara da malaman fizik da lissafi da kayan gwaji, iyaye kuma su bar yara, maza da mata, su kai ƙarshen karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.