Ɗan Bumburutu Ba Shi Da Jirgin Ruwa

Da Malam Mele Kyari, shugaban NNPC a lokacin, ya fito a watan Fabrairun 2022 ya shaida wa duniya cewa gurɓataccen fetur ɗin da ya durƙusar da motoci a Legas da Abuja jiragen ruwa huɗu ne suka ɗauko shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, da takardun shaidar inganci a hannu, kuma wai masu binciken can da na nan ba su gano sinadarin methanol a ciki ba domin ba ya cikin abin da aka saba aunawa, na zaci mutanenmu na Batsari da Safana za su sassauta wa yaron nan mai galan a bakin tasha, wanda shekara da shekaru ake jibga masa alhakin kowane injin da ya buga. Ina! Har gobe idan Golf ta mutu a hanyar Katsina, ko babur ya ƙi tashi a Runka, hukuncin majalisa ɗaya ne, ba shaida ba rantsuwa: man bumburutu aka sha.

Wanda ke son hujja ya tsaya a gaban bakanike sa'ad da ya kwance kafiretar Boxer, zai ga wani farin gari ya manne a ƙasan kofin, da ɗigon ruwa kwance a ƙarƙashin mai, ga tiyon roba ya kumbura ya yi laushi har yana ɓarɓashewa a yatsa. Wannan aikin methanol ne, domin ɗabi'arsa ce ya janyo danshi ya haɗa da fetur, ya ci alminiyon, ya lalata roba. Ruwan kuma, da yake ya fi fetur nauyi, sai ya tare a gindin tanki, daidai inda famfon mai ke zuƙa, ya haifar da tsatsa, tsatsar ta toshe matata da nozul. Bugu da ƙari, ƙarfin da ke cikin litarsa kimanin rabin na fetur ne, saboda haka injin da aka saita domin fetur sai ya ji yunwa, ya riƙa shaƙewa yana ɗaukar zafi, direba kuwa ya ƙara taka totur yana tsine wa yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Za a ce ai yaran suna zuba kananzir. Madalla da wannan ilimin tattali! Kananzir, gaskiya ne, yana sa inji ƙwanƙwasa, ya baƙanta fulogi, ya gangara ya tsinka baƙin mai har ringi da fistin su ci juna. Amma a 2022 litarsa ta ninka ta fetur a farashin gwamnati, kuma mahaukaci ne kaɗai zai yi algus da abin da ya fi hajarsa tsada. Yaron nan ba shi da matatar mai, ba shi da daffo, ba shi da tanka. Abin da aka tsiyaya masa shi yake tsiyaya wa mutane, iyakar laifinsa ƙazantar jarka da tauye mudu.

Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun daɗe da bayyana hukuncin mai gauraya madara da ruwa, da haƙƙin mai saye na mayar da haja idan ɓoyayyen aibi ya bayyana, kuma a Daular Sakkwato akwai muhtasibi mai lura da kasuwa da ma'auni. Muhtasibin zamaninmu, wato hukumar NMDPRA, sai da motoci suka fara faɗuwa a titi sannan ta yi sanarwa. Ɗaya daga cikin kamfanonin da aka ambata da shigo da man ma, Duke Oil, na NNPC ɗin ne kansa. To wa zai biya lamunin injin ban-ruwan manomin rani, wanda bai taɓa karɓar rasit a rayuwarsa ba?

A nan ne tsohon mikinmu ke tashi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka, ta ƙayyade gidajen mai biyu a ƙananan hukumomi irin namu, ta ce kada a sayar wa mai mota fiye da na naira 5,000, domin a yanke wa ɓarayin dajin Rugu numfashi. Niyya kyakkyawa ce, ba mu musa ba. Sai dai mai injin niƙa da mai injin ban-ruwa ba za su ɗauki injinsu a ka su kai famfo ba, ala tilas suka koma saye a ɓoye, da tsada, ba damar ɗaga kwalba sama a duba launi, balle a yi ƙorafi. Ɓarayin kuwa ba mu ji sun koma tafiya a ƙasa ba.

Alhali matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 domin ta shayar da Arewa, a 2022 tana zaune ba ta tace ko lita, ma'aikata na karɓar albashi, mu kuma muna jiran abin da dillalan Antwerp suka ga dama suka zuba a jirgi, ya sauka Legas, ya hau tanka ya yi kwanaki a hanya, sannan ya iso galan ɗin yaron bakin tasha a ce shi ne mai laifi.